Huji Shida a Farantin Ƙarfe

Kwana uku ana ruwa ba ƙaƙƙautawa, iska kuma ta kafe daga arewa maso yamma ta ƙi juyawa. A ƙauyen su Auke, can gefen Firislan inda gonaki suka fi teku ƙasa, kowa ya san abin da hakan ke nufi. Teku ta cika ta danne ƙofofin magudana, ruwan sama ba shi da mafita sai ta famfo. Famfon kuwa guda ɗaya ne, a wani ɗan ɗakin bulo a gindin ganuwar teku, shi ke ɗaga ruwan fadamar gidaje bakwai ya watsa bayan ganuwa. Muddin ana jin gurnaninsa, mutane na shan kofinsu hankali kwance.

Da safiyar Alhamis, wajen ƙarfe tara, Auke na zaune bakin tagar kicin, matarsa Rinske na yanka masa burodi da cuku, sai ya ji gurnanin ya ɗauke. Ita ba ta lura ba. Shi kuwa ya ajiye kofi, ya karkata kunne, ya jira. Shiru.

Auke ya shekara arba'in yana gyaran ƙarafan ƙauyen, daga garma har wannan famfon. Shekara biyu da suka wuce ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ƙafar ta ɗan dawo, yana jan ta da sanda, amma hannun yana nan kwance a cinya kamar na aro. Abin da ya fi ci masa rai harshe ne. Magana tana nan sarai a kansa, amma kafin kalma ɗaya ta fito sai an yi kokawa, mutane kuma ba su da haƙurin jira. Tun da aka sallamo shi daga asibiti ya sa aka kulle shagonsa da ke jikin gida, ya rataye mabuɗin a ƙusa bayan ƙofar kicin, ya ce kada kowa ya shiga. Ba ya son ya ga kayansa a hannun wani, ba ya son ya gan su a zube kuma.

Ba a yi sa'a ɗaya ba tarakta ta tsaya a ƙofar gida. Ƙanensa Hylke ya faɗo kicin jiƙe sharkaf, ko takalmi bai cire ba, ya zazzage buhu a kan tebur kusa da cukun. Ɓari biyu na wani farantin ƙarfe suka faɗo, da wani farantin sabo mai kauri kamar babban yatsa. Hylke manomi ne, shi ke kula da famfo a wannan shekarar, kuma gonarsa ce mafi kwari a fadamar. Ya ba su labari yana haki: farantin da ke haɗa inji da sandar famfo ya dare gida biyu. Ya buga waya gari, an ce ruwa ya shanye hanya a wajen gada, ba mai iya zuwa sai gobe in an yi sa'a. A ɗakin famfo ya tono wannan sabon farantin da Auke ya taɓa gyarawa ya ajiye don irin wannan rana, komai nasa daidai, sai dai ba a yi masa hujin noti shida ba. Ya gwada da abin huda na hannu, ya karya tsinke biyu, ko kwarzane bai yi sosai ba. Ruwa kuwa saura taƙi ɗaya ya kai dokin ƙofar garkensa, da shanu arba'in da shida a ciki, ba kuma tudun da zai kai su.

"Injin huda na Baba nake so," in ji shi. "Ba ni mabuɗi, sarkin nawa, in ka gama tunani ka same ni a can."

Haka yake kiran wansa tun suna yara, saboda rashin saurinsa. Auke ya dubi farantin. Ya san hujin nan in ya karkace ko da kaurin farce ne, famfon zai yi ta girgiza har ya karya sandarsa, sanda kuwa ba a samunta a wata guda. Ya jawo sandarsa ya miƙe. Rinske ta riga ta ɗauko mabuɗin.

Shagon na da sanyi da warin tsohon gawayi. Injin hudar yana tsaye a kusurwarsa, ya fi mutum tsawo, baƙin ƙarfe zubi guda, wanda mahaifinsu ya sayo na hannu a wata ma'aikatar jiragen ruwa tun kafin yaƙin duniya. Bel ɗin fata ne ke juya shi daga sama, a gefe kuma akwai mariƙi mai hannu uku, wanda in an ja yake saukar da wuyan injin da tsinken huda zuwa kan ƙarfe. Hylke ya kunna wuta, bel ya motsa yana nishi. Ya kama mariƙin ya ja. Ko gezau. Ya ɗora masa nauyinsa duka har ƙafafunsa suka kusa barin ƙasa, wuyan bai sauko ba.

Ya ce tsatsa ce, ya juya ya ɗauko babbar guduma daga kan maƙera.

Auke ya ga gudumar ta tashi. Cikin kan injin akwai ƙananan haƙora da ke ɗaga wuyan suna sauke shi, ƙarfensu mai gautsi ne, bugu ɗaya zai ɓalle su, daga nan kuwa an gama. Ya buɗe baki, kalmar ta tsaya masa a maƙogwaro kamar ƙashin kifi. Sai ya ɗaga sandarsa ya maka wa wani durom da ke kusa da shi. Ƙarar ta cika shagon. Hylke ya tsaya da guduma a sama.

"A... aje," in ji Auke.

"To me kake so in yi, in lallashe shi? Shanuna ba su iya iyo ba."

Auke bai kula shi ba. Ya matsa jikin injin yana jan ƙafa. Wani abu ne ya ɗaure masa kai tun shigowarsu: injin da ya shekara biyu a kulle, a bakin teku, ya kamata a same shi ja wur, amma babu ɗigon tsatsa a jikinsa. Ya shafa wuyan da yatsun hagu, suka manne. Wani abu ne ya daskare a kai, ruwan ɗorawa, mai danƙo kamar ƙaro. Ya kankaro da farce ya kai hanci. Warin tsohon kaskon suya ne. Ya dubi kanta, ga gwangwanin mansa can a kife, ƙura ta rufe shi. Daga nan ya juyo ya dubi matarsa.

Rinske na tsaye bakin ƙofa ta naɗe hannuwa cikin atamfar girkin da take ɗaurawa a gaba. Fuskarta ta yi fari.

"Ni ce," ta ce. "Kowane farkon wata, in ka kwanta barcin rana. Shekara arba'in ina jin kana cewa injin da ba a ba shi mai ba gawa ne. Naka ya ƙare tun bara, ban so in tambaye ka ka gane ina shiga ba. Na ga mai dai mai ne."

"Man suya?" in ji Hylke. "Rinske, kin ɗauka kifi ne?"

Ba wanda ya yi dariya. Auke ya ji fushi ya taso masa har wuya, ya kuma gode wa nauyin harshensa, don da a da ne da tuni ya faɗi abin da zai yi nadama. Kafin kalmar farko ta haɗu, ya riga ya hango ta a zuci tana sanɗa da kwalbar man girki, tana bin kowane ɗan bututun mai ɗaya bayan ɗaya, ba ta tsallake ko guda ba. Man girki in ya daɗe a ƙarfe daskarewa yake kamar fenti, ita ina za ta sani? Kuma ƙaro ya fi tsatsa sauƙi, don yana narkewa.

"Kananzir," ya ce. Ya huta. "Ruwan... zafi."

Ta fita da gudu. Hylke ya ce yanzu sha ɗaya saura, wanke inji aikin yini ne. Auke ya nuna masa sifana da sandarsa, ya nuna masa notin da zai fara da shi. Haka suka yi aikin, sanda na nuni, hannun Hylke na bi. Sau biyu Auke ya fara magana Hylke ya ƙarasa masa ba daidai ba, sai an sake komawa baya. Ruwa na dukan rufin kwano har ba sa jin juna sosai.

Kafin a zare mariƙin sai an saki wani sifirin da ke naɗe cikin ɗan murfi a gefen hagu, wanda ke mai da wuyan sama in an sake shi. Auke ya kama hannun ƙanensa ya ɗora a kan murfin ya matse, ya nuna masa da ido cewa ya riƙe gam, ya riƙa saki kaɗan-kaɗan. Hylke ya gyaɗa kai. Ya saki zagaye ɗaya lafiya, ya saki na biyu. Ana cikin haka ƙararrawar waya ta ɗauka a cikin gida, ya waiga. Murfin ya kuɓuce, sifirin ya fyaɗo kamar bulala ya tsaga masa tudun babban yatsan dama, ya yi tsalle ya faɗa bayan maƙera.

Jini ya yi ta zuba a kan siminti. Hylke ya dafe hannun yana zagi ƙasa-ƙasa. Rinske ta shigo da butar ruwan zafi, ta ajiye, ta yage igiyar atamfarta ta ɗaure masa tam. Da ta gama ne ta gaya musu matar Hylke ce ta bugo: ruwa ya haye dokin ƙofa, ya fara shiga garke ta ƙasa, ta kwashe 'yan maruƙa ta kai su ɗakin wanki.

Hylke ya zauna a kan wani akwati, ya dubi hannunsa, ya dubi na wansa. Ya ce su biyu yanzu hannun hagu biyu gare su, ko igiyar takalmi ba sa iya ɗaurawa.

Auke ya miƙa wa Rinske sifanar.

Ta tsiyaya ruwan zafi a kan injin daidai inda ya nuna, tururi ya tashi, ta bi da kananzir ta sama har ya riƙa ɗigowa ta ƙasa ruwan ƙasa-ƙasa. Suka jira. Ta sake. Auke ya ba ta guntun katako ta ɗora a saman wuyan, ya nuna mata ƙaramar hamma, ya kwatanta bugun da yatsa a kan kafaɗarta: kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar maras lafiya. Ta buga sau goma, babu labari. Hylke ya miƙe, ya zauna, ya sake miƙewa. A bugu na ashirin da wani abu Auke, da ke dafe da wuyan ta ƙasa, ya ji ya motsa kamar kaurin takarda. Sai ya sake nuna butar. Sai da aka dafa ruwa sau uku kafin wuyan ya zamo a hankali ya sauko cikin hannuwan Rinske, nauyinsa ya kusa kayar da ita.

Ta shimfiɗa shi a kan buhu ta hau gogewa da tsumma da kananzir. Haƙoran ta bi su da tsohon buroshin haƙori. Auke ya jingina da injin, ya sa waya yana sakace ƙananan bututun mai na boris, inda ƙarfe ke juyawa, yana fito da danƙo kamar kakin kunne. Hylke ya je tarakta ya kawo galan na man inji da gwangwanin giris. Aka shafa wa wuyan mai siriri, aka cika haƙoran da giris, aka ɗiga mai a bututun har ya tumbatsa. Da suka mayar da shi ya shige sumul.

Saura sifirin. Rinske ta laluɓo shi bai karye ba, amma naɗe shi aikin rabin sa'a ne ga mai hannu biyu da ya saba. Agogon bango ya nuna ɗaya da kwata. Auke ya ɗaga kai yana duban rufi, sai ya nuna wani tsohon tib na keke da ke rataye a ƙusa. Suka ɗaura shi daga mariƙin zuwa azarar rufi. Abin ba kyan gani, amma in an saki mariƙi yana komawa sama.

Suka ɗora ɓarin tsohon farantin biyu a kan sabon, suka fitar da alamar huji shida. Hylke ya ce zai danne farantin da gwiwar hannu a wuce wurin. Auke ya tsaya kawai yana kallonsa har Hylke ya je ya ɗauko ƙarafan matsewa guda biyu. Aka sauko da bel zuwa matakin da ya fi tafiya a hankali.

Rinske ta kama mariƙin. Ta ce ita ba ta taɓa huda komai ba sai fatar tsiran nama.

Auke ya tsaya a bayanta, ya jingina sandarsa, ya ɗora hannun hagu a kafaɗarta. Magana ba za ta yi sauri ba, don haka in ya danna ta ja, in ya sassauta ta sassauta. Ya rufe ido yana saurare. Tsinken ya taɓa ƙarfe ya yi ƙara, ya danna kaɗan, ƙarar ta koma gurnani mai taushi, ɓawon ƙarfe ya fara fitowa a murɗe, dogo, yana sheƙi. Hylke na ɗiga mai a bakin tsinken da hagu. Huji na farko ya ci minti goma sha biyu. Na biyu da na uku suka fi sauri, kafaɗarta ta saki ƙarƙashin tafinsa.

A tsakiyar na huɗu ya ji wani siririn kuka daga sama, ya kuma shaƙi ƙauri. Ya janye kafaɗarta, ya kashe wuta da gwiwar hannu. Ya taɓa gidan boris na sama, ya yi zafi kamar murfin tukunya. Sauran danƙo ya narke ya toshe hanyar mai. In aka ci gaba zai kama, in ya kama ba abin da zai sake juya shi yau.

Waya ta sake ɗauka a cikin gida. Ba wanda ya je.

"Ƙarasa wannan in tafi da huɗu," in ji Hylke. Muryarsa ta sauka, ba tsokana a ciki. "Noti huɗu za su riƙe zuwa gobe. Auke, shekara talatin na yi ina tara shanun nan."

Auke ya san huɗun duk a gefe ɗaya suka fi yawa, ba za su kai magariba ba. Yana da bayani mai tsawo a kansa, na yadda nauyi ke rabuwa, amma ba shi da hanyar fito da shi.

"Shida," ya ce.

Suka tsaya suna kallon juna, wayar na ta kuka har ta gaji. Hylke ne ya fara kau da kai. Rinske ta zuba kananzir a bututun, ta juya bel da hannu har baƙin ruwa ya fito, ta bi da mai, ta ɗora jiƙaƙƙen tsumma a kai. Minti bakwai suka jira. A cikinsu fitilar shagon ta yi ƙasa sau biyu kamar za ta ɗauke, ta dawo.

Na huɗu ya fita, na biyar ya fita. A na shida Rinske ta gaji, hannunta ya yi nauyi daidai lokacin da tsinken zai ɓulla ta ƙasa, inda ake sassautawa. Tsinken ya cije, injin ya girgiza, bel ya fice da ƙara kamar mari ya faɗo a kan kantar kaya. Auke ya kashe wuta. Ya sunkuya ya leƙa. Tsinken bai karye ba, farantin bai goce ba. Ya sa ta juya shi baya da hannu a hankali har ya fito, aka mayar da bel, ta ƙarasa ɗan abin da ya rage tana cije da leɓe.

Hylke ya zura noti shida, duk suka shige. Ya rungumi farantin ya yi ƙofa, sai ya tsaya, ya dubi yatsansa da jini ya jiƙe ƙyallen. Da hannu ɗaya ba zai iya ɗaure su ba. Rinske ta zari rigar ruwan Auke daga ƙusa, ta cusa sifana biyu a aljihu. Auke ya riƙe ta, ya zana mata a kan tebur da yatsa yadda za ta ɗaure: wannan, sai na gabansa can ƙetare, kada ta bi su a jere. Ta ce ta gane. Tarakta ta tashi da su.

Ya rage shi kaɗai. Uku ta wuce, gari ya fara duhu irin na hunturu. Ya ɗauki tsumma ya share ɓawon ƙarfe daga teburin injin, ya goge jinin da ya fantsama a gindinsa. Da ya rasa abin yi sai ya ja ƙafa zuwa ƙofa ya buɗe. Filin da ke gaban gidan ya zama tafki, kawunan shinge kaɗai ke leƙowa. Iska na kaɗo masa ruwa a fuska, bai matsa ba.

Huɗu saura kwata ya ji injin famfo ya yi tari, ya kama, ya mutu. Ya ƙanƙame sandarsa. Ya shiga lissafa abin da ka iya faruwa, ko huji ne ya karkace, ko sandar famfon ce dama ta lanƙwashe tun da safe. Aka daɗe. Sai ya sake jin tarin, wannan karon ya miƙe, gurnanin ya taso ta cikin iska. Ya tsaya yana sauraron ko akwai bugawa a ciki har ƙafarsa mai lafiya ta fara sagewa, bai ji ba.

Rinske ta dawo bayan shida, a ƙafa, ruwa har gwiwa. Tana cire kaya a bakin murhu ta ba shi labari. Iska ce ta shiga bututun man inji shi ya sa ya mutu da farko. Ruwa ya kai wa shanun idon sawu amma ya tsaya nan, duk suna raye. Ruwa ya lalata tarin saiwoyin abincin dabbobi, da damman ciyawar da ke layin ƙasa. Maƙwabciyar Hylke, wadda ta taɓa aikin jinya, tana can tana ɗinke masa yatsa, yana ta ihu ya fi maruƙan.

Auke ya tambaye ta, kalma-kalma, ko ta dafa gidan famfon ta ji. Ta ce ta dafa, akwai 'yar rawa kaɗan, ba mai yawa ba. Ya ce huji na shida ne, gobe sai an sassauta notin an sake zaunar da shi, kuma ga sifirin can ba a mayar ba.

"Gobe kafaɗata ba za ta ɗagu ba," in ji ta. "Ka gaya wa ƙanenka."

Ta ɗora tukunyar miyar wake a wuta, ta zauna, ta miƙa ƙafafunta wajen murhu. Kafin miyar ta yi zafi barci ya ɗauke ta a kan kujera, sai shi ya tashi ya riƙa juyawa da hagu kada ta kama.